Asirin Layin Kekunan Ɗinki

Sana'ata sayar da tsofaffin kekunan ɗinki, baƙaƙen nan masu nauyi da ake takawa da ƙafa. Ban gaje ta ba. Mahaifina manomin gero ne a ƙasar Gobir, kusa da Maradi, har ya bar duniya bai taɓa riƙe turnabis, abin murɗa kusa, ba. Ni da ƙarfina kawai na zo Yamai, na yi dako a Babbar Kasuwa, har wani dattijo mai rumfar kekuna a unguwar Kalley ya lura cewa in na sauke kaya ba na jefarwa, ajiyewa nake. Ya ce in zauna wurinsa. A hannunsa na koyi aiki, shi ya tsaya mini na samu rumfar kaina a layin. Kowa Baba yake ce masa don shi ne babbanmu, kuma har yau ban canza masa suna ba, ko da yake shi ya cire ni daga rabon layin da bakinsa.

Mu goma sha ɗaya ne. Babu mai ƙarfin kawo kaya daga bakin teku shi kaɗai, sai mu haɗa hannu a kawo kwantena ɗaya, sau biyu a shekara. Ranar da ta iso, a jera kawunan kekuna a ƙasa, Baba ya zagaya da sandarsa yana taɓa kowanne yana kiran mai shi. Ba a musu da sandar nan. Wanda ba shi da kaso a kwantena ba shi da abin sayarwa, rumfarsa ta koma wurin shan inuwa. Kason nan shi ne abincin gidana.

Bayan sayarwa akwai gyara, kuma gyara yana da ƙa'idarsa wadda ba a rubuta ba: ba a taɓa keke a gaban mai shi. In tela ya kawo, ka karɓa, ka juya shi da hannu sau biyu, ka kara kunne, ka ɗan ɓata fuska, ka ce masa sai gobe. Ko da allura ce ya sa a juye, sai gobe. Yana ba da baya ka gyara kafin shayinka ya huce, ka rufe da tsumma. In ya nace sai ya jira, ka aike shi ƙarshen titi sayen mai. Ba mu ɗauki wannan cuta ba. Haka muka tarar, haka muka yi. Ni ma na yi shekaru ina ɓata fuskar nan, kuma na iya ta.

Abin ya fara ne da wani tela da na sayar wa keke, mazaunin wani ƙauye bayan Filinge. Damina ce, ruwa ya yanke hanya, ga Sallah ta matso. Ya kira ni, ya ce ɗinki ba ya kamawa, ana ja yana warwarewa, ga kayan mutane jibge a gabansa. Da ya kwatanta mini yadda zaren ke fita na san matsalar. Ƙoshiya ce, ɗan gidan ƙarfen da zaren ƙasa ke zama a ciki, ƴar kusar jikinta ta saki. Na ce ya ɗaure ta kaɗan. Ya ce wace kusa? Na kwatanta, ya kwance wata dabam. Na sake kwatantawa, ya ce in dakata, wani abu ya faɗi ƙasa yana nema.

Haushi ya kama ni. Na shiga bayan rumfa inda ba mai ganina, na jingina wayata da gwangwanin madara, na ɗauko ƙoshiya da turnabis na ɗauki bidiyo. Fuskata ba ta fito ba, hannuwana ne kawai da muryata: ga kusar, ga yadda ake murɗa ta, kaɗan-kaɗan, kada ka cika. Ka riƙe bakin zaren ka saki ƙoshiyar. In ta zame ta faɗi, ba ta ɗauru ba. In ta tsaya, sai ka girgiza sannan ta ɗan sauko, to ta yi. Na tura masa. Kafin la'asar ya aiko da saƙon murya, babu magana a ciki, ƙarar keke ce kawai tana tafiya sumul, sai dariyarsa a ƙarshe.

Na ɗauka magana ta ƙare. Bayan kamar sati uku wani direban babbar mota ya kawo keken matarsa. Yana zaune a bencina ya ciro waya.

"Ku masu layin nan, kullum sai gobe, sai gobe," in ji shi. "Dubi wani bawan Allah, nan take ya gama, kuma kyauta."

Na leƙa. Hannuwana ne, har da farcen babban yatsana da ƙarfe ya fasa tun ina sabon shiga. Telan ya tura wa wani, wani ya tura wa wani, har abin ya zagayo ya same ni. Na cusa hannuna a aljihu, na ce lalle mutumin ya iya aiki. Sannan na ce masa sai gobe.

Ba zan ɓoye ba, tunanin da na fara yi na ɗan kasuwa ne. Wanda ya ga hannunka ba ya ɓoye masa komai, ranar da zai sayi keke kai zai nema. Na buɗe shafi a inda ake saka gajerun bidiyo, na riƙa ɗauka bayan azahar, lokacin da layi ke yin shiru kowa ya miƙe ƙafa. Yau yadda ake sa allura, gobe inda ake ɗiga mai, jibi abin da ke sa zare tsinkewa. Ban taɓa nuna fuska ba, ban sa kiɗa ba, ban iya ma sawa ba.

Teloli nake tsammani, kuma sun zo. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sauran. Wani magini da ke aiki a ƙasar Larabawa ya aiko cewa in na gama gyara in daina surutu, in bar keken ya yi ta tafiya na ɗan lokaci, ƙarar yake so. Wani malamin makaranta ya ce bai da keke, bai da niyyar saye, amma ya san sunan kowane ƙarfe a ciki yanzu, kuma ya kama ni na manta ban ɗiga mai a wuri ɗaya ba. Gaskiyarsa ce, na manta.

Na kai wa maiɗakina maganar. Tana tsinke zogale, wayarta jingine da turmi, tana kallon wata mata a Damagaram da ba ta yin komai a bidiyo sai wanke tukwane da dama fura.

"Ke kuma me kike gani a nan?" na ce. "Ga tukwane a gidanki."

"Kai me suke gani a tsatsa?"

"Ni ilimi nake bayarwa."

"Maginin nan ilimi ya nema? Ai cewa ya yi ka yi shiru." Ta yi dariya har zogale ya zube. "Matar nan, yadda take jera ƙorenta haka innata take jerawa. Kuma ba ta yi mini ihu. Kowa a wayar nan ihu yake, ita aikinta take yi."

Wata Asabar da hantsi taksi ya sauke wata mata a bakin layinmu, za ta yi shekara hamsin, da ɗan gicciye a wuyanta, ta rungumo kan keke naɗe da zane. Ta riƙa bin rumfa-rumfa tana gaisuwa, amma ba fuskar mutane take kallo ba, hannuwansu take kallo. Maƙwabcina Bazabarme ne, ni kuwa Bagobiri, saboda haka abokin wasana ne, kullum muna tsokanar juna. Ya miƙa hannu zai karɓi keken, ta dubi yatsunsa ta ce masa fofo, wato sannu da yarensu, ta wuce. Ta iso wurina ina goge allura.

"Kai ne," ta ce.

"Sannu da zuwa, Hajiya."

"Ban je Makka ba. Madam ta isa."

Ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce, daga Kirkissoye, can hayin kogi, ta tsallako. Keken na mahaifiyarta ne, da shi tsohuwar ta riƙa ɗinka wa matan majami'arsu kaya a Dogonduci. Tun rasuwarta yana ƙarƙashin gado, yanzu ko motsi ba ya yi. Na gwada juyawa, ya ƙi. Tsohon mai ne ya daskare a ciki, ba wani abu ba. Ina jin idon maƙwabcina a ƙeyata. Na ɓata fuska na ce, "Madam, sai gobe."

"A waya ba ka cewa sai gobe."

Ta faɗa da ƙarfi, ba da mugunta ba, haka muryarta take. Rumfa uku sun ji. Ta jawo benci ta zauna, ta ɗora jakarta a cinya.

"Keken innata ba ya kwana a hannun kowa. Ina nan."

Da zan iya aikenta sayen mai, amma na san ba za ta tashi ba. Na ɗauko kalanzir da tsumma, na buɗe keken a gabanta, a gaban layi duka, karo na farko tun da na shiga sana'ar. Na riƙa ɗigawa ina motsa shi a hankali. Aikin jira ne, sai muka shiga hira. Na tambaye ta me za ta fara ɗinkawa.

"Ni? Ko maɓalli ban iya sawa ba."

"To me kike kallo a wurina?"

"Da rana in na samu hutu, bayan ɗakin magani nake zama da abincina. Tun safe ina kan marasa lafiya. Wani ya tashi, wani mu yi iyakar yinmu bai tashi ba. In na buɗe labarai, abin da ba ni da iko a kansa ake gaya mini. Kai kuwa ka ɗauko abu matacce, ka ce ga abin da ke damunsa, ka taɓa, ya tashi. In rufe waya in koma aiki."

"Madam, ba kowanne ke tashi ba. Wanda ya tashi nake nunawa."

"To ka nuna mana wanda bai tashi ba. Ka ɗauka mu yara ne?"

Can keken ya saki. Na ɗora shi a tebur, na sa masa igiya da ƙyalle, na taka. Ta sunkuyar da kai tana saurare har na kai ƙarshen ƙyallen. Ta ce in ƙara. Na ƙara. Sannan ta naɗe kayanta ta sallame ni ta tafi.

Na bi shawararta. A satin na saka wani keke da ya gagare ni, na ce ga iyakar sanina, ban gane ba. Ban taɓa ganin mutane sun taru a kan bidiyona kamar ranar ba. Wani tela daga Tawa ya ce in duba kaza, wani makanikin babur ya ce ƙarya ne, kaza ne, wata mata ta shiga tsakaninsu ta ce dukansu ba su kalla da kyau ba. Suka kwana biyu suna gardama a kan ƙarfen da bai kai tsawon yatsa ba, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. A nan na fahimci abin da ban fahimta ba da. Mutum yana son ɗan wuri ƙarami wanda ya san kansa, inda in ya buɗe baki maganarsa ke da nauyi. Duniya ta yi masa girma, amma cikin keke bai yi masa girma ba. Matar da ta shiga tsakaninsu ce ma ta yi daidai.

Labarin matar Kirkissoye kuwa ya riga ya kai kunnen Baba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka ce ana nemana a rumfarsa. Na tarar da goma ɗin duka, an dafa shayi, ba wanda ya miƙo mini. Baba ya ajiye waya a tabarma, bidiyona na tafiya a ciki.

"Ɗana, hannun wa ke nan?"

"Nawa ne, Baba."

"Abin da hannun ya sani fa, na wa ne?"

"Naka ne. Kai ka koya mini."

"Ka tambaye ni kafin ka raba?"

Ban tambaye shi ba, na kuma ce ban tambaya ba. A wannan kam ya kama ni, har gobe ba ni da amsa mai kyau.

Sai baki ya buɗe. Wani ya ce ƙananan gyare-gyare sun ragu, sai wanda ya lalace da gaske ake kawowa. Wani ya ce ya ɓata fuska ga wata yarinya ƴar koyon ɗinki, ta ce masa, "Malam, allura ce, juya ta kawai," a gaban mutane. Maƙwabcina ya so ya sassauta da wasa.

"Ku yi masa haƙuri, Bagobiri ne. In ya tsinci allura sai ya hau dutse ya yi shela. Bawana ne, ku bar ni da shi, zan hore shi."

Ba wanda ya yi dariya. Na ce a ba ni dama in yi magana.

"Baba, abin da ka koya mini gyaran keke ne, kuma na gode. Amma ɓata fuskar nan ba gyara ba ce. Tela mai keke ɗaya a ƙauye ya rufe aiki kwana uku, ya hau mota, ya kwana a tasha, saboda kusa ɗaya da matarsa ma za ta iya murɗawa. Mu kuma mu ce masa sai gobe."

"Gida goma sha ɗaya ke ci daga kusar nan," in ji Baba. "Har da naka. Da ita na aurar da kai."

"Wanda ya iya murɗa kusa ba ya daina sayen keke. Ƙara saye yake."

"A wurinka," wani ya ce daga baya. "Mu fa?"

"Ga waya a aljihun kowa. Ku ɗauka ku ma. Ni zan nuna muku yadda ake jingina ta."

Wannan maganar ce ta ɓata komai, na ga fuskar Baba ta canza. Ya ɗauki wayar ya kashe.

"Kwantena na hanya," ya ce. "Kafin ta iso ka goge duka, ka daina. In ka yi, magana ta mutu, ba mai sake tayar da ita. In ba ka yi ba, sandata ba za ta ga naka ba. Tashi ka je."

Da safe na gaya wa maiɗakina muna shan kunu. Ta ajiye ludayi.

"To ka goge mana. Gwangwanin madara ne zai ciyar da mu?"

"In matar Damagaram ta ɓace gobe, ba za ki ji ba?"

"Sai in nemi wata. Ita ba ta da yara huɗu a gidan nan."

Ba ta yi ƙarya ba, kuma ban yi fushi ba. Na yi kwanaki ina juya abin. Ni ba waliyyi ba ne, na san abin da kason nan yake, na san kuma masu kallo ba sa zuwa da buhun shinkafa. Har na buɗe shafin sau biyu da niyyar gogewa.

Ana haka wani tsohon tela ya shigo rumfata da keke a kansa, daga unguwar Dar es Salam ya tako da ƙafa don bai sami mota ba, gumi ya jiƙa rigarsa. Ido ya fara gaza masa. Na duba, allura ce a juye. Na juya keken sau biyu, na kara kunne, na shirya fuskata. Maganar ta ƙi fita. Mutumin nan yana tsaye yana jiran hukunci kamar an kai ɗansa likita, ni kuma na san gaskiya, kuma na riga na faɗe ta ga wanda ban sani ba a wata ƙasa. Shi da ya tako ya zo gabana ne zan ɓoye wa? Na ce ya miƙo yatsansa. Na ɗora shi a kan allurar, na ce ya shafa, gefe ɗaya shafaffe ne, ɗayan zagayayye. Na nuna masa inda shafaffen ke kallo. Ko ido bai gani ba, yatsa zai gaya masa. Ya sa da kansa, ya cire, ya sake sawa. Tun daga lokacin na san ba zan goge komai ba.

Kwantena ta iso ranar Talata da safe. Na cire riga na shiga sauke kaya tare da kowa, don haka ake yi, kuma ba wanda ya hana ni. Kaya masu kyau ne, na ga wasu kawuna uku da na san teloli za su yi rububinsu. Aka jera. Baba ya zo da sandarsa ya tsaya, bai fara ba, ya dube ni.

"Ka goge?"

"Ban goge ba, Baba."

"Za ka goge?"

"A'a."

Ya fara zagayawa yana taɓawa yana kira. Sunaye goma suka yi ta juyawa har kan ƙarshe. Abin da na zuba a tafiyar aka mayar mini a ranar, ba a ci mini ko kaɗan ba, Baba ba ya cin haƙƙin mutum. Na sa rigata na koma rumfa. Maƙwabcina na jan kasonsa a ƙasa bai iya kallona ba. Na ce masa, "Ɗaga da kyau, Bazabarme, ba buhun gawayi ba ne." Ya yi murmushin dole.

Wata huɗu na sayar da abin da ya rage mini. Rumfa ta yi fayau. Gida muka rage nama, babbar ƴata ta bar makarantar kuɗi ta koma ta gwamnati, maiɗakina ta yi sati biyu ba ta yi mini magana sai ta dole. Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba, kuma masu kallo ba su san ana yi ba, don ban taɓa faɗa musu ba. Keke suka zo gani, ba kukana ba.

Da kaya suka ƙare na zauna na yi nazari. Kekunan da muke jira daga bakin teku, irinsu nawa ke kwance a ƙarƙashin gadaje a garin nan? Na faɗa a bidiyo cewa duk mai tsohon keke da ba ya amfani da shi ina saye, ko in gyara masa a gabansa. Na nemi matar Kirkissoye, ta haɗa ni da matan majami'arsu, su kuma suka haɗa ni da maƙwabtansu. Na riƙa bin gidaje da babur, wani keken a sayar mini, wani a ce na kaka ne, a gyara kawai. Aikin ya fi na da wuya, kaya ba sa zuwa a jere, wani sati uku, wani sati babu. Da na ga rabin yinina a hayin kogi yake ƙarewa, na saki rumfar Kalley na kama shago a Kirkissoye. Teburin aikina a bakin ƙofa na sa shi, yana kallon titi.

A layin kuwa, mutum ɗaya ya rufe ya koma sayar da kayan waya. Gyara ya fi dogara da shi, gyaran kuma ya ragu. Ban ce ba ni da hannu a ciki ba. In mun haɗu a jana'iza da Baba ina durƙusawa in gaishe shi, ya amsa, ya tambayi yara, shi ke nan.

Bayan fiye da shekara, wata ranar Lahadi da rana, sai ga tsohon maƙwabcina a ƙofar shago, ya tsallako gada a kan babur.

"Bawana, haka ka rame? Ba mai ba ka abinci tun da ka bar ubangidanka."

"Zauna, Bazabarme, kada ka taɓa komai, kayan masu hankali ne."

Ya sha ruwa, ya duba shagon sama da ƙasa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Baba ne ya aiko shi. An zauna, an ce abin da ya fita ya riga ya fita, allura da mai da ƙoshiya kowa ya sani yanzu, ba sai na goge ba. Kasona na nan in ina so, kwantena mai zuwa. Sharaɗi ɗaya ne: saitin ciki, wato daidaita saukar allura da zagayowar ƙugiyar da ke kama zare, wanda shi ne babban gyara, kada in nuna shi. A bar wa layi wannan.

Tayin ba na raini ba ne. Kaso kaso ne, ga ƴata da nake so ta koma makarantarta. Na tambaye shi, in tela a ƙauye keken ya ɓata saiti ana saura kwana uku Sallah, me zan ce masa?

"Ka ce ya kawo Kalley mana."

"In ruwa ya yanke hanya fa?"

"Kai ka yi ruwan?"

Na jawo wani kan keke da aka kawo mini daga Gaya, saitinsa ya goce, na kwantar da shi na buɗe cikinsa. Na miƙa masa wayata.

"Ka gaya wa Baba na gode, kuma ina gaishe shi. Ka ce masa a raba tara, ban da ni. Yanzu riƙe mini nan, tunda ka zo. Hannuna kawai za ka ɗauka."

"Ni? Allah ya kiyaye. A ji muryata a ciki a kore ni ni ma?"

"To ka rufe bakinka, in Bazabarme zai iya."

Ya ajiye wayar a benci kamar ta ƙona shi, ya tashi ya hau babur ɗinsa yana zagina da yarensu. Na bi shi da ido har ya sha kwana. Na jingina wayar da kaina, na gyara haske, na ce, "Jama'a, yau aikin mai tsawo ne. Wanda ke sauri ya wuce."